Fuskar Auta

Ladan bai ƙarasa kiran assalatu ba motar da za ta kai ni filin jirgi ta tsaya a ƙofar gida. Jakata a ɗaure take tun jiya, sallama da Umma ce kawai ta rage. Na same ta a kan darduma da carbi a hannu. Shekara uku ke nan hawan jinin ido ya cinye mata idon hagu, na daman ma likita ya ce sai dai a yi ta lallaɓawa. Ta yi min addu'a mai tsawo, sannan ta ɗaga gefen darduma ta ciro wata takarda da ta sha ninki, da ƙullin leda mai ƙamshin daddawa.

"Lambar Auta ce. Wata Hajiya ta kawo min bara, ban gaya wa kowa ba. Ki nemo min shi. Ki ɗauko hotonsa a wayarki, in ga fuskarsa tun idon nan yana gani."

Na ce to. A raina kuwa na riga na shirya in dawo in ce lambar ba ta shiga.

Bari in yi bayani kaɗan. Auta shi ne ƙaraminmu, shekara goma sha ɗaya na ba shi, ni na goya shi. Tun yana yaro tafiyarsa da maganarsa irin ta mata ce, a madafi yake wuni, tuwonsa ma ya fi nawa laushi. Da ya tasa sai unguwa ta laƙaba masa ɗan daudu. Ranar da na ga lalle da jan baki da ɗankwali a ƙarƙashin katifarsa, ni ce na kwashe su na kai wa Baba. Baba ya yi masa dukan da sai da maƙwabta suka shigo, ya ce kada ya sake ganinsa a gidan. Shekara goma sha huɗu ke nan. Daga baya muka ji ya tafi Umra bai dawo ba. Har Baba ya rasu ba mu ji muryarsa ba, mu kuma muka daina ambatonsa kamar ba a taɓa haifarsa ba.

Mu talatin da ɗaya ejan ɗinmu ya haɗa, yawanci mata da suka haura arba'in da biyar irina, waɗanda ba a nema wa muharrami. A filin jirgin Kano aka buɗe jakar wata dattijuwa aka tarar rabinta garin rogo ne da yaji da soyayyar gyaɗa, ta ce ita ba ta yarda da abincin Larabawa ba sai ta gani da idonta. Mun yi mata dariya, amma kafin mu dawo duk sai da muka roƙe ta yajin nan. Awa huɗu da ɗoriya muka yi a sama. A Jidda muka bi layi aka ɗauki hoton yatsunmu da na idonmu, sannan aka zuba mu a doguwar mota zuwa Madina.

Kwana huɗu muka yi a Madina, kuma ban taɓa takardar Umma ba. Na yi ziyara, na yi kuka a Raula, na sayi dabino. Riyal ɗaya ya haura naira ɗari a lokacin, don haka duk abin da na ɗaga sai in yi lissafi a kai in mayar da shi inda na ɗauko. Wani mai shago ɗan Bangaladash da ya iya Hausar ciniki ya gaji da ni, ya ce, "Hajiya, kullum gani gani, babu saye." Na sayi hula biyu don kunya.

Hanyar Makka shimfiɗaɗɗiya ce, babu rami ko ɗaya, baƙaƙen duwatsu dama da hagu, nan da can garken raƙuma a bayan waya. Mun yi niyya a miƙati, muka yi ta talbiyya har muryoyi suka dushe. A wata tasha muka ci shinkafa buhari da kaza, faranti ɗaya ya ishi mata uku. Tun daga nesa muka hango dogon ginin agogon nan, kewaye da ƙarafunan gini, don aikin faɗaɗa Harami bai ƙare ba. Ganin Ka'aba da ido ba zan iya kwatanta shi ba, ba kuma shi na zo ba ku labari ba. Mun yi Umrarmu lafiya, sai dai takalmina da ya ɓata a ƙofar masallaci, na taka zuwa masaukinmu a Misfala da na wata baiwar Allah, ƙafa ɗaya ja, ɗaya shuɗi.

A rana ta uku a Makka na buɗe jaka neman magani, warin daddawa ya buge ni. Na zauna a bakin gado na daɗe. Na yi tunanin yadda zan kalli tsohuwa mai ido ɗaya in yi mata ƙarya, ni da na fito daga ɗakin Allah. Na kira lambar.

Murya ta ce da Larabci, "Alo, min ma'aya?", wato wa ke magana. Na ce ni ce, na faɗi sunana. Sannan aka ce, a hankali, "Yaya?"

Aka kwatanta min unguwar Hindawiyya, aka ce in zo bayan La'asar. Mai tasi ya karɓi riyal ashirin ya sauke ni a bakin wani lungu, ya ce motarsa ba ta shiga. Unguwa ce tsohuwa, gidaje a kan tudu suna hawa kan juna, wayoyin lantarki a harɗe, kyanwoyi ko'ina. Ga mai gasa tamis, burodinsu mai faɗi, ga mai tsire yana fifita wuta kamar a Fagge. Yara na ƙwallo suna zagin juna da Larabci, uwarsu ta leƙo ta taga ta yi musu tsawa da Hausar Sakkwato.

Wata mata cikin baƙar abaya da niƙabi ta tsaya a gabana. Na matsa in ba ta hanya. Ta ce, "Biyo ni, Yaya." Na bi ta, muka hau bene hawa biyu. A falo akwai wata tsohuwa a kan kujerar guragu, haifaffiyar Makka ce, kakanninta daga Katsina suka zo da ƙafa. Kowa Sitti yake ce mata, wato kaka. Ita ce mai gidan, kuma ɗanta ne ya tsaya wa Auta aka yi masa igama, takardar zama, a matsayin mai dafa abinci. Na gaishe ta, muka wuce ɗaki. Aka rufe ƙofa, aka ɗaga niƙabi.

Na san idanun. Su kaɗai na sani. Goshin nan namu na gidan Baba, mai tudu a saman gira, babu shi, ya zama sumul. Muƙamuƙin ya rage faɗi, haɓar ta tattaru, hancin ya sirance, zakaran wuya ya ɓace, babu ko alamar gemu. Mace ce a tsaye a gabana, kyakkyawa, mai kama da wata da na sani amma na kasa tuna ko wace ce. Daga nan zan riƙa cewa "ita", don haka ta roƙe ni, ko da yake a ranar bakina bai iya ba.

Abin da ya fara fita daga bakina bayan shekara goma sha huɗu shi ne, "Me ka yi wa kanka?"

Ba ta yi fushi ba. Ta zuba min shayi, ta tambayi Umma. Da na miƙa mata ledar ta buɗe ta shinshina, ta juya min baya na ɗan lokaci. Sannan ta zauna ta ba ni labari kamar mai ba da labarin zuwa kasuwa. Shekara tara tana dafa abincin biki tana tara kuɗi. Da takardunta suka gyaru ta tafi Tailan, ita kaɗai, da jallabiyar maza da fasfo mai sunan da Baba ya raɗa mata. Awa bakwai aka yi ana aikin. An yanka fatar kai daga kunne zuwa kunne, aka kankare ƙashin goshi, aka rage na muƙamuƙi ta cikin baki. Ta sunkuyo ta buɗa gashinta ta nuna min tabon, siriri kamar zare. Ta ce sati biyu da bututu take shan kunu, fuskar ta kumbura har idanun suka rufe, kuma har yau idan ta taɓa tsakiyar kanta ba ta ji. Da za ta dawo, ma'aikacin filin jirgi ya kalli fasfo ya kalle ta ya kira na gaba da shi. Hoton yatsa ne ya cece ta.

Na ce, "To duk wannan wahalar ta mece ce, a garin da kake rufe fuskar in za ka fita?"

"Ba don mutanen titi na yi ba, Yaya. Shekara talatin ina wanke fuska da safe ina kau da kai daga madubi. Yanzu ina iya kallo. Shi ke nan, halas."

Ta jawo akwati ta ciro wani tsohon hoto marar kala. Umma ce tana amarya, da ɗaurin ɗankwali ture-ka-ga-tsiya. Hoton ya ɓata daga bangon ɗakin Umma tun tuni, mun ɗauka bara-gurbin 'yan aiki ne suka yar. Ta ce shi ta kai wa likitan, ta ce masa in zai yiwu ya bi wannan. A nan na gane wadda na kasa tunawa.

Na san abin da malamai suke faɗa game da canza halitta, ita ma ta sani, ta ma fi ni haddace shi. Na tambaye ta a wane sahu take salla. Ta ce a ɗakinta. In ta je Harami ɗawafi kawai take yi, don a nan ne ba a ware maza da mata. Ta ce kullum in ta fita da abaya tana sane cewa askari ɗaya, ɗan sandan can, ya ce ta nuna igamarta mai sunan namiji, an gama da ita. Na tashi kafin Magariba, na ce ana jira na. Ban ɗauki hoton ba. Ban ma rungume ta ba.

Bayan kwana biyu, muna zaune a ɗaki bayan Azahar, ni da mata ukun da muke kwana tare, aka ƙwanƙwasa. Auta ce, da kula biyu a hannu. Tuwon shinkafa ne da miyar kuka, an yi da daddawar Umma, da naman rago. Kwana goma rabonmu da tuwo. Matan suka yi ta murna, suka ja ta ciki suka zaunar. Da yake duk mata ne, ta ɗage niƙabinta. Na zauna ina jiran wata ta lura da faɗin hannunta ko kaurin muryarta. Babu wadda ta lura. Ɗayarsu, maƙwabciyar ƙanwar mijina ce a Kano, ta kalle ta ta kalle ni.

"Hajiya, wannan 'yar'uwarki ce? Na ga kamar jini ɗaya."

Auta ta dube ni. Ba roƙo a idonta, jira kawai take.

Na ce, "A'a. Mai sayar da abinci ce, a waya aka haɗa mu."

Ta ɗan yi murmushi. Ta ce, "Na'am, mai abinci ce. In kuna so gobe ma sai a kawo." Ta jira muka juye tuwon, ta haɗa kulolinta, ta saki niƙabi, ta yi mana sallama. Matan suka ci suna santi, suna cewa in karɓo musu lambarta. Ni ma na ci, don kada a tambaye ni dalili. Ban taɓa haɗiyar abu mai nauyin wannan tuwon ba.

Da La'asar na tafi Harami na shiga ɗawafi. Ina da jerin addu'o'in da mutane suka ba ni a takarda, na kasa karanta ko ɗaya. Abin da yake dawo min kawai shi ne, sau biyu ke nan. Na farko ina da ƙuruciya da tsoron Baba, ina iya cewa ban san abin da zai biyo baya ba. Na biyun fa? Baba yana kabari. Matar da na ji wa tsoro ba ta ci da ni ba ta sha da ni. Na yi tafiyar dubban mil in roƙi gafara, na zo na yi ƙarya ana ganin hasumiyar Harami ta tagar ɗakin. Na kira wayar Auta sau shida a ranar, ba ta ɗauka ba.

Ana gobe za mu tafi na koma Hindawiyya da safe. Sitti ce kaɗai a falo. Ba ta amsa gaisuwata da sakin fuska ba.

"Ke ce yayar? Tun asuba ta tashi ranar tana tuƙa tuwon nan, ta hana kowa taɓawa. Ta dawo ta shige ɗaki. Ni shekara takwas tana ɗaga ni tana kwantarwa, 'ya'yan da na haifa ba su yi min haka ba. Ban tambaye ta abin da ke cikin takardarta ba. Tana Rusaifa, gidan biki. Ki je, in kina da fuskar zuwa."

Ta sa aka rubuta min kwatance. Rusaifa ba kamar Hindawiyya ba ce, tituna masu faɗi, shaguna a jere, ga wata ƙatuwar tashar jirgin ƙasa da ake ginawa. Na sami gidan ta ƙamshi. A bayan gida aka kafa rumfa, tukwane shida a kan gas, mata na yanka albasa. Auta na tsakiya da zani ɗaure a ƙirji kan doguwar riga, ludayi a hannu, tana ba da umarni da Larabci da Hausa. Suna kiranta da wani suna na mata da ba zan rubuta a nan ba. Ta gan ni, ta ci gaba da juya shinkafa. Na tsaya a rana kusan rabin awa kamar mai neman aiki. Sai da ta rufe tukunyar ta yafuto ni gefe, bayan tankin ruwa.

Na shirya magana mai tsawo a cikin tasi, duk ta gudu. Na ce, "Ki yafe min."

Ta ɗago da sauri. Ni kaina sai da ya fita na ji abin da na ce: "ki", ba "ka" ba.

"Wanne daga ciki?" in ji ta.

"Duka. Ni ce na kai wa Baba kayan nan."

"Na sani ai. Ke kaɗai kike gyara min gado." Ta goge hannu da zani. "Wancan na daɗe da yafewa, kina tsoron Baba, ni ma ina tsoronsa. Na shekaranjiya ne bai sauka ba tukuna. Ki ba ni lokaci, Yaya. Ba zan yi miki ƙarya in ce ya wuce ba."

Na ce na yarda. Na gaya mata saƙon Umma, wanda na riƙe tun ranar farko ban faɗa ba: idon da ya rage, da hoton. Ta dafa tankin. Ta ce tana da wani tsohon hoto na kafin aikin, da jallabiya da hula, in na ga zai fi sauƙi in kai wannan. Na gane don ni take faɗa, don ta sauƙaƙa min. Na ce a'a, Umma fuskarki ta ce. Ta wanke fuska a famfo, ta gyara ɗankwali, ta tsaya jikin bango. Sai a ɗauka ta huɗu hoton ya fito. Ta cika min leda da shinkafar biki, ta ce in ci a hanya, ta koma kan tukwanenta.

Washegari muka yi ɗawafin bankwana muka kama hanyar Jidda. An yi rigimar kilo kamar kullum, dattijuwar garin rogo ta sa abaya uku a jikinta don ta rage wa jaka nauyi. Mun sauka Kano da hantsi, kowa da jarkar zamzam ɗinsa.

Sai da 'yan sannu da zuwa suka watse na shiga ɗakin Umma na rufe ƙofa. Na fara kame-kame, ina cewa Auta na lafiya amma akwai abin da ya kamata in fara yi mata bayani. Ta miƙo hannu ta ce in ba ta wayar. Ta kai ta dab da idon dama, ta karkata wajen taga. Ta daɗe sosai. Ta sa yatsa tana shafa gilashin, hoton ya gudu, na dawo mata da shi.

"An yi masa aiki ne?"

Na ce e, na gaya mata komai, har da hotonta na amarci. Can ta ce, "Da ciwo?" Na ce an sha wuya, amma ya warke. Ta ce, "Shi kaɗai, babu mai riƙe masa hannu." Hawaye ya zubo ta idon da ba ya gani. Ba ta ce daidai ne ba, ba ta ce kuskure ne ba. Cewa ta yi in kira mata lambar. Na kira, na ba ta, na fita na ja musu ƙofa. Sun fi awa suna magana.

An ce Umra tana wanke mutum. Ni dai tawa nuna min dattina ta yi. Na tafi ina ganin akwai abin kunya a gidanmu, kuma na san sunansa. Na dawo na gane shekara goma sha huɗu ina kallon gefen da ba shi ba. Hukuncin abin da Auta ta yi wa fuskarta ba a hannuna yake ba, ni ba malama ba ce, tsakaninta ne da Ubangijinta. Amma ƙaryar da na yi tawa ce, ban kuma ga malamin da zai halatta min ita ba. Na ɓoye sunaye, na canza wasu kwatance saboda tsaronta, kuma sai da ta amince na rubuta wannan. Har yau ba ta ce min ya wuce ba, ni ma ban sake tambaya ba.

Ku ukun da muka kwana ɗaki ɗaya a Misfala, na san kuna karanta abin da nake rubutawa. Hajiya, idonki bai yi miki ƙarya ba ranar. Wadda ta kawo mana tuwon nan, ciki ɗaya muka fito da ita, kuma ni na goya ta.